Kada Ku Ja Ta da Sarƙa

Lahadi, biyu ga wata

Zuwa ga ɗana Maiƙo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta daɗe ba ta sa ka a ido ba. Yaya aiki, yaya zaman daji? Ina fata kana cin abinci, don na san halinka, in ka shiga ƙarƙashin mota sai an jawo ka ta ƙafa. Mu nan da sauƙi, ni dai gwiwa ce kawai. Kawunka kuwa, ka ji labarin shanyewar ɓarin jikin da ta same shi kafin damina. Yanzu yana zama in an jingina shi da filo, yana cin abinci da hannun hagu, amma magana ba ta dawo ba tukuna.

Na san za ka ce Gwaggo ba ta neme ni ba sai da ta matsu. Ba zan musa ba. Zumuncin namu ma sai an zauna an lissafa, kakana da kakan babanka ne wa da ƙani. Amma shekara uku ka yi a gidan nan kana ɓata mini zannuwan gado da baƙin mai, har sunan da na laƙaba maka ya bi ka, kuma kawunka ne ya fara ɗora maka sifana a hannu. Saboda haka ba roƙo nake yi ba, aike ne. Na nemi wayarka har na gaji, sai matarka ta ce inda kuke fasa dutsen babu sabis, sai dai takarda ta hannun direban da ke kai muku kayan abinci duk Litinin.

Ga abin da ya tashe ni. Ka san fulotinmu na bayan madatsar ruwa, kadada biyu, shekara goma sha tara muna noma shi. Dokar kwamiti ita ce duk wanda ya bar nasa zango biyu a jere ba huɗa, a karɓe a ba na gaba a layi. Zangon damina ya wuce muna asibiti. Sakataren kwamitin ya zo har gida, cikin mutunci, ya ce ranar ɗaya ga watan gobe za su zagaya kafin a saki ruwa, in sun tarar ba a huɗa ba babu abin da zai iya yi mana. Kar ka ce in ɗauko taraktar haya. Manyan taraktoci ba sa iya haye 'yar gadar da ke bakin fulotin, shi ya sa ma kawunka ya rabu da tsohuwar ya kawo wannan 'yar ƙaramar. Masu shanu kuma sun leƙa sun ce ƙasar ta yi tauri kamar siminti, ba za su kashe shanunsu a kanta ba.

Ni zan tuƙa, kuma kar ka yi dariya. Kawunka ne ya koya mini bara waccan. Ai ba ta da wuya, fedarta irin ta keken ɗinkina ce, ka taka da yatsu ta yi gaba, ka taka da dunduniya ta yi baya. Sai liba guda a gefen kujera mai hoton kunkuru da zomo. To libar ce ta ƙi. Wata bakwai ke nan tana tsaye a rumfa. Na sa an yi cajin batir, ta tashi bugu ɗaya, inji lafiya lau. Amma in na taka kuloci har ƙasa na tura libar wajen kunkuru, sai ta yi wani ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ta turo mini hannu baya. Wajen zomo ma haka. Fedar tafiyar ita ma ta yi ɗan nauyi, amma wannan ba komai ba ne, ƙafata ta saba.

Huɗar ta kwana huɗu ce kacal in ta yarda ta tafi. Ka rubuto mini abin da zan yi dalla-dalla, amma ban da rainin wayo.

Gwaggonka


Laraba, biyar ga wata

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso jiya da la'asar, na gane rubutun tun ban buɗe ba. Allah ya ƙara wa Kawu lafiya. Ki gaishe shi, ki ce masa kunyar rashin zuwa duba shi tana nan tana cina. Ni lafiya ƙalau, sai tarin da garin dutse ke sa mu. Abinci kuma ina ci, in dai za a kira abin da kukunmu ke dafawa abinci.

Da so samu ne da na biyo direba yau. Amma ni kaɗai ne bakanike a kan injuna goma sha ɗaya, kuma na sa hannu ba hutu sai an gama wannan ɓangaren, saura mako bakwai. Don haka sai dai ki zame mini hannu da kunne.

Taraktar nan mai ne ke tuƙa ta. Inji yana juya famfo, famfo yana tura mai, man ne ke juya tayoyi. Giya mai haƙora guda ɗaya ce a jikinta, ita ce ta kunkuru da zomo. Ƙaran da kike ji haƙoran ne ke gugar juna, don wani abu yana juyawa a ciki a lokacin da ya kamata ya tsaya cik. Wanda na fara zargi shi ne kuloci. In abin hawa ya kwana damina a tsaye, farantin kuloci kan yi tsatsa ya manne, sai a taka har ƙasa amma bai saki ba.

Ki fara da kashe inji, sannan ki tura libar. In ta shiga sumul, haƙoran ba su mutu ba, sai mu gode wa Allah. Bayan nan ki danna fedar kuloci da hannu, ba da ƙafa ba, ki ji iya inda take tafiya a sake kafin ta yi tauri. Faɗin yatsu biyu ya kamata ta yi. In ta wuce haka, akwai wata siririyar sanda mai noti biyu a ƙarƙashin inda kike ɗora ƙafa. A sassauta notin, a rage mata tsawo zagaye ɗaya, a gwada, in bai yi ba a ƙara ɗaya. Sandar awon man giya kuma tana bayan kujera. Ki zaro, ki goge, ki mayar, ki sake zarowa, ki gaya mini inda man ya tsaya da launinsa, har warinsa ma ina so. Ko wa ya ce miki a ƙara mata baƙin mai na inji ai duk ɗaya ne, ki kore shi. Kuma don Allah kada ki tilasta libar nan. Na san ƙarfin hannunki, ƙeyata ba ta manta ba.

Rubutun nan ya tuna mini da tsohuwar taraktar da Kawu ya koya mini aiki da ita. Ita in kulocinta ya manne ba a wani dogon bincike. A ɗaura mata sarƙa, a sa giya, a ja ta ana tattaka kuloci har ya saki da ƙara, Kawu yana kan kujera yana zagin iyayenta. Kai, an sha aiki.

Direba yana ta danna mini oda, ya ce in ban fito ba zai tafi. Sai na ji daga gare ki.

Ɗanki, Maiƙo


Alhamis, shida ga wata

Gwaggo,

Gaisuwa a taƙaice, ki yafe mini. Ina lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Kada ku ja ta. Ko da sarƙa, ko da igiya, ko turi da hannu tana cikin giya, kada ki yarda. Motar ta fita jiya da azahar, ban kai ga wanke hannu ba na tuna abin da na rubuta a ƙarshen takardar. Labarin tsohuwar tarakta na ba ki, ban ce miki taki ba a yi mata haka ba. Na ruga har bakin ƙofa, mota ta yi nisa. Na je ofis na roƙi wayar kamfani, manaja ya ce ta haɗari ce da mutuwa, ba ta tarakta ba.

Dalilin shi ne, in inji a kashe yake famfo ba ya ba da mai. Aka ja ta a haka, tayoyi ne za su riƙa juya kayan ciki a bushe, ƙarfe a kan tagulla, su cinye juna. Tafiyar da ba ta kai daga gida zuwa bakin titi ba ta isa ta kashe ta. Kuma ko an ja, jan ba zai kai ga kulocin ba, don mai ne a tsakaninsu.

Na sake karanta takardarki sau uku, sai na ga na tsallake abin da ya fi komai. Kin ce fedar tafiya ta yi nauyi. Gwaggo, ina jin nan ciwon yake. In fedar nan ta dawo tsakiya sosai, babu abin da ke juyawa a bayan famfo, giya za ta shiga ko kuloci ya manne ko bai manne ba. Taki ba ta dawowa ne, tana maƙalewa kaɗan a wajen gaba. Ki leƙa ƙarƙashinta, za ki ga ƙusar da take lilo a kai da wani sifirin da ke dawo da ita. Ki wanke wurin da kananzir da tsohon burushi, ki ɗiga mai, ko na keken ɗinkinki ma ya isa, ki yi ta motsa ta har ta riƙa dawowa da kanta in kin saki. Aikin bai kai dafa shayi ba.

Na ba mai sito wannan takardar ya ajiye wa direba. Allah ya sa ta riga kowa isowa.

Maiƙo


Lahadi, tara ga wata

Ɗana Maiƙo,

Sallama da fatan alheri. Amsarka ta same ni ranar Alhamis, na karanta wa kawunka gaisuwarka, ya lumshe ido ya gyaɗa kai. Jikinsa ba laifi, sai dai ba ya son maganin safe, kullum sai mun yi rigima. Tarin nan naka kuma ka nemi magani, kar ka ce mini ba komai.

Na yi duk abin da ka ce, har da kwanciya a ƙasa kamar ƙadangaruwa, ni da shekaruna. Inji a kashe liba tana shiga sumul, kunkuru da zomo duka. Na ce to bari in yi mata wayo, na bar ta a kunkuru na nemi tayar da inji, ko tari ba ta yi ba. Ashe sai liba tana tsakiya take yarda ta tashi. Fedar kuloci yatsu uku na samu, amma ka san yatsuna sirara ne. Mai yana kan layin sama, garau kamar zuma, ba ya warin komai.

Notin sandar ya fi ƙarfina, dole na kira bakaniken bakin kasuwa, wanda ake ce wa Mai Guduma. Ba ka san shi ba, bayan tafiyarka ya buɗe gareji. Mutumin kirki ne, duk tsofaffin taraktocin yankin nan shi ke riƙe da ransu, amma irin tawa ya ce sau ɗaya ya taɓa ganinta, ita ma a hoto. Ya rage sandar zagaye ɗaya, biyu, har huɗu, ƙara yana nan. Ya ɗauko abin da aka san shi da shi ya ƙwanƙwasa mata ciki, na ce in ya ƙara sai na ƙwanƙwasa nasa. Ya ce kuloci ne ya manne, magani ɗaya ne, a ja ta.

Na nuna masa takardarka don in rufe masa baki, ashe bulala na ba shi. Ya sa yatsa a kan layin ƙarshe ya ce, "Hajiya, ga shi ɗanki ma ya faɗa." Na ce labari ka bayar. Ya ce bakanike ba ya ba da labari a banza, kunya ce ta hana ka ce wa gwaggonka a ja ta kai tsaye. Na karanta wurin ya fi sau goma. Ban ga inda ka ce a yi ba, ban kuma ga inda ka ce kada a yi ba.

Na ce masa sai na ji daga bakinka. Saura kwana ashirin da biyu, akwai sauran lokaci. Kalma ɗaya nake so, a ja ko kada a ja. Gobe da sassafe zan kai wannan ma'ajiyar kamfaninku da kaina.

Gwaggonka


Lahadi, ashirin da uku ga wata

Maiƙo,

Ina gaishe ka don gaisuwa wajibi ce. In kana lafiya, alhamdu lillahi. Kawunka yana nan yadda yake.

Alhamis biyu na je ma'ajiyarku na zauna a kan benci kamar mai neman aiki. Magatakardan wurin ya ce takardata ta tafi, amsa ce babu. Kalma ɗaya na roƙa, Maiƙo. Na san kana da injuna goma sha ɗaya, ka faɗa mini, na kuma gane abin da kake nufi, ta sha biyun ba taka ba ce. Da ka ce mini haka tun farko da ban ɓata mako biyu ina jira ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma gara in faɗa maka da in riƙe.

Sakatare ya sake biyowa ranar Talata. Jikin mai gida kawai ya tambaya, amma na ga inda idonsa ya tsaya, a kan rumfa. Ranar Laraba na shiga wurin kawunka na zauna a bakin gado, na ce masa Mai Guduma zai ja tarakta gobe don kuloci ya saki. Sai ya hau buga katifa da hannun hagu yana cewa a'a, a'a. To kalmar ke nan guda da ta dawo masa cikin makon nan. Abinci a'a, magani a'a, 'yarsa ta zo daga gidan mijinta ta gaishe shi ya ce mata a'a yana murmushi. Na gyara masa filo na ce ya kwantar da hankalinsa.

Ranar Alhamis da na dawo daga bencin muka yi. Mai injin niƙa ya ba da aron babbar taraktarsa. Ni na hau kujera, don na rantse ba mai hawa kujerar kawunka sai ni. Aka sa ta a zomo, inji a kashe, aka ɗaura sarƙa. Da farko tayoyin suka ƙi juyawa, sai jan ƙasa suke yi. Can sai suka fara juyawa da wani gurnani, Mai Guduma yana gefe yana cewa in yi ta takawa, ya kusa saki. Muka je mararraba muka dawo, muka sake komawa. Ina jin zafi yana tasowa ta ƙarƙashin kujera, da wari kamar an bar tukunya a wuta.

Da muka tayar da ita, liba ta shiga da ɗan ƙara kaɗan. Har tafi aka yi. Na taka feda, ta yi wani siririn kuka mai shiga haƙori, ta ja jiki kamar taku goma, ta tsaya. Na taka baya, ta yi taku uku. Tun daga nan in ta huce takan matsa kaɗan, in ta ɗumama ko motsi. Injin kuwa sai ka ce sabo. Mai Guduma ya ce iska ce ta shiga, za ta fita da kanta. Yau kwana uku bai dawo ba, kuma jiya ya hango ni a kasuwa ya sauya layi.

Saura kwana takwas. Ban san me ya same ta ba, ban kuma san wa zan tambaya ba in ba kai ba, shi ya sa nake sake rubutowa duk da haushinka da nake ji. In ka ga dama ka amsa.

Gwaggo


Laraba, ashirin da shida ga wata

Gwaggo,

Na durƙusa na gaishe ki, da Kawu. Lafiyata ƙalau, amma tun jiya ban iya sa komai a bakina ba.

Takardunki biyu tare suka zo jiya. Motar ba ta zo ba mako biyu, akwatin giyarta ne ya fashe, muna nan muna cin abin da ya rage a sito. Magatakardan da ya ce miki ta tafi bai ko duba ba, direba ya ce a cikin kwali ya tarar da su. Tawa kuma tana cikin aljihun teburin mai sito tun ranar shida ga wata. Ga ta nan na haɗa miki, ban canza ko harafi ba. Ki duba kwanan watan. Ba don in wanke kaina ba, don dai kada ki zauna da tunanin na ƙyale ki.

Laifin nawa ne. Ba na Mai Guduma ba, shi abin da ya sani ya yi, kuma a kan tsohuwar tarakta da ya yi daidai. Ni na san bambancin, na tsaya ba da labari ana danna mini oda.

Ba zan ɓoye miki ba, abin da kika kwatanta bai yi mini daɗi ba. Libar ba don kuloci ya saki ta shiga ba, abin da ke juya ta ne ya rasa ƙarfi. Amma akwai 'yar ƙofa guda. Wani lokaci datti ne kawai jan ke tayarwa ya toshe filta. Ki fara gyara fedar yadda na rubuta a waccan. Sannan a kwance filtar man giya, tana gefen dama ƙasa da kujera kamar gwangwanin madara, a juye man cikinta a farin kwano, ki kai rana ki duba. In baƙin datti ne, a sa sabuwa, mai yiwuwa ta tashi. In kin ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin zinariya, tagullar ciki ce ta cinye. In haka ne kada ki ƙara taka fedar. Sai an raba taraktar gida biyu, an nemo kaya daga nesa, an haɗa a ɗaki mai tsabta. Aikin wata guda ne ko fiye.

Na roƙi manaja kwana huɗu, ya ce in na fita kada in dawo. Na tsaya a gabansa ina shirin cewa na ji, sai na tambayi kaina in na zo me zan yi da hannu biyu da akwatin sifana kafin Litinin. Babu. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Saura mako huɗu in fito, daga nan gidanku zan nufa kafin nawa. Ban san abin da zan ƙara ce miki ba, Gwaggo.

Ɗanki


Lahadi, bakwai ga sabon wata

Ɗana,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Ka ci abinci, ka ji ko? Rashin cinka ba zai huɗa ko kunya ɗaya ba. Maganganun da na faɗa maka a waccan takardar na janye su, ka yafe wa gwaggonka, bakina ya riga hankalina. Mu muna nan. Gwiwa ta kumbura, za ka ji dalili.

Takardunka sun zo ranar Alhamis. Na karanta ta shida ga wata a tsaye a ƙofar ma'ajiya, sai da na nemi bencin nan na zauna. Layin farko kawai na yi ta kallo. Sai kuma na tuna kawunka yana buga katifa. Ashe ta ranar nan a'a ce ta gaske, mutumin yana ganin abin da za mu yi, ni kuma ina gyara masa filo.

Na dawo gida na ɗauko kananzir da 'yar butar man kekena. Gidan zanzaro na tarar a jikin sifirin, da busasshen laka. Na wanke, na ɗiga mai, na motsa. Kafin ruwan da na ɗora ya tafasa feda tana dawowa tsakiya da kanta. Na tayar da inji, na tura liba da yatsa ɗaya ta faɗa kunkuru ba ko ƙis. Na zauna a kan kujerar nan na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Mai Guduma ya zo da kansa ba a kira shi ba, ya kwance filtar. Muka kai kwanon rana. Yana ƙyalli, Maiƙo. Har kyau gare shi.

Kwana ukun da suka rage na tara wanda zan iya tarawa, surukinmu da ƙannensa da Mai Guduma da mutum shida na haya, muka shiga da diga da fartanya. Ƙasar tana mayar da diga kamar ana sarar dutse. Ba mu ci kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ranar Litinin kwamiti suka zo su biyar, suka tsaya a kan 'yar gadar. Sakatare ya nemi a bar mana ko inda muka sara, sauran suka ce in aka fara raba fuloti ba za a daina ba, kuma mutum arba'in ne a layi. Ban yi musu ba, ba su yi ƙarya ba. An ba wani mai 'ya'ya bakwai. Ya zo ya gaishe ni yana sunkuyar da kai kamar shi ya yi mini laifi. Shekaranjiya aka saki ruwa.

Kawunka ban iya gaya masa ba. Abin da na yi, kar ka yi mini dariya, kullum da safe sai in je rumfa in tayar da injin, in bar shi yana aiki kamar ana ɗumama shi za a fita gona, tunda tagar ɗakinsa tana kallon wajen. In ya ɗan jima sai in rage masa murya a hankali in kashe, wai ya zaci na yi nisa. Sannan in zauna a ɗakin ɗinki har azahar ba na taɓa keke, kada ya ji. Kwana biyar ina wannan wauta.

Yau da safe na tayar da taraktar, na tuna ban ba shi magani ba, na shiga ɗakin inji yana aiki. Na tarar da shi ya juya fuska wajen taga yana saurare. Mutumin da ya yi shekara arba'in a kan tarakta, ni zan ruɗe shi da injin da ba ya jan komai? Ya dube ni ya daɗe. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Sai ya ɗaga hannun hagu, ya haɗa yatsu biyu, ya murɗa su a iska.

Na fita na kashe ta. Na zaro makullin na kawo masa, na gaya masa komai, har da mai 'ya'ya bakwai. Ya karɓa ya dunƙule hannu a kai. Ga shi an yi la'asar, na kawo abinci ya ƙi buɗe hannun, kuma da shi yake ci.

In ka tashi zuwa ba sai ka yi sauri ba, ka fara biyawa ta gidanka ka ga yaranka. Allah ya kawo ka lafiya.

Gwaggonka